Gashin Kanti da Ashanar Goggo

Bayan na yaye 'yan biyuna na lura gashina ya yi yaji. Ba a rana ɗaya ya tafi ba. Kullum na sa mataji sai ya fito da ɗan guntu, in dunƙule in zubar, in ce gobe zai daina. Ni da a makarantar 'yan mata ake kwatance da tsawon kitsona, sai ga shi na wayi gari abin da ya rage a kaina bai fi a rufe shi da tafin hannu ba.

Mai yi mini kitso tun ina ƙarama goggona ce, ƙanwar mahaifina. Tun kafin a haife ni take kitso a gindin darbejiyar da ke tsakar gidanta, a unguwarmu cikin garin Daura. Goggo tana kallon kai ne yadda manomi yake kallon gona. In mace ta zauna gabanta ta cire kallabi, sai ta sa kibiya ta tsaga, ta ce wannan fadama ce, ko wannan jigawa ce. Ranar da na kai mata nawa, ta daɗe tana jujjuya shi kafin ta yi magana.

"Da fadama ce, yanzu ta koma jigawa," in ji ta. "Amma jigawa ma tana yin gero in an yi haƙuri."

Haƙurin ne ba ni da shi. Saura mako shida bikin ƙanwar maigidana, ni kuwa matar babban wa ce, duk inda aka juya ni za a gani. Dangi za su zo daga Kano, wasu daga Damagaram. Wanda bai san sha'anin mata ba zai ce ina ruwan biki da gashi, tunda kowa kanta a rufe yake. Ai a ɗakin amarya ake yin ta. Da zarar an shiga an turo ƙofa, zafi ya taso, sai a fara zubar da mayafai, kallabi ya zame, kowace tana satar kallon kan 'yar'uwarta tana yi kamar fanka take nema.

A makarantar firamaren da nake koyarwa akwai wata ƙawata, malamar lissafi. Wata rana lokacin tara, mu biyu kaɗai a ofishin malamai, ta cire hijabinta don ta sha iska. Sai ga ƙananan kitso baƙi wuluk sun zubo har tsakiyar bayanta, suna sheƙi. Na saki baki.

"Ƙawata, wannan duk naki ne?"

"Nawa ne mana," ta ce. "Ai ni na saya."

Ita ta buɗe mini ido a kan gashin kanti, wanda 'yan mata ke ce wa atach, tsofaffi kuma su ce gashin doki. Ta ce iri-iri ne. Akwai na roba zalla, akwai wanda aka gauraya, akwai kuma na mutum, wanda ake cewa daga Indiya ake kawo shi. Shi na mutum ɗin, in ji ta, kuɗinsa ya kai na rago. Amma akwai wani shago a kasuwar Mai'adua da ake samun sa da sauƙi, saboda ta iyaka kayan suke shigowa.

Da yamma na kai wa maigida maganar. Shi fataucin dabbobi yake yi, duk Lahadi yana Mai'adua. Na jira ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na ce ina so ya tafi da ni kasuwa wannan makon, zan sayi gashi.

"Gashi?" Ya ajiye kofin. "Na wa?"

"Na sayarwa ne, Malam. A leda yake zuwa."

"Mai shi tana raye ko ta rasu?"

Na ce ban sani ba. Ya shafa gemu.

"Ni dai ban ce kanki ya yi mini wani laifi ba," ya ce. "Amma tunda kina so, ba zan hana ba. Abu ɗaya ne. Ni ban taɓa sayen dabba ban buɗe bakinta na ga haƙora ba. Shi gashin nan ina ake duba haƙoransa?"

Nan ma na ce ban sani ba.

"To ki tafi da Goggo."

Kafin Lahadi ta zo na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce ƙara gashin mutum a kai babu saɓani a kan haramcinsa. Wanda ba gashi ba kuwa, kamar zare da makamantansa, wasu malamai sun yi sassauci, wasu sun ce a bari, kuma barin ya fi. Gaskiyar magana, na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi na bar mata sauran. Ban kuma tsaya na yi tunanin cewa wanda nake kwaɗayi, mai tsadar, shi ne wanda aka hana kai tsaye ba.

Goggo ta yarda za ta raka ni. Ta ce ba don ta goyi baya ba, sai don kada a cuce ni ina kallo. Da za mu fita na ga ta ɗauki kwalin ashana ta ƙulle a bakin zane, na ɗauka na goro ne ta canza wa mazubi.

Mun isa Mai'adua da hantsi. Maigida ya wuce kara wajen dabbobinsa, mu kuma muka kutsa layin 'yan kayan kwalliya, muna kauce wa babura da masu tura baro. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, irin mutanen da suke sayar maka da abu kana dariya. Ya shimfiɗa wa Goggo darduma a kan benci, ya ɗauko wata leda mai hoton mace tana murmushi, ya warware gashin a kan hannunsa kamar mai nuna shadda.

"Hajiya, wannan shi ne ƙarshe. Na mutum ne, daga Indiya. Ki wanke, ki taje, ki shafa mai, shekara biyu yana nan yadda yake."

Ya faɗi kuɗin. Ƙawata ba ta yi ƙarya ba, kuɗin rago ne, sai dai a ce ƙaramin rago. Ni har na fara laluben jaka. Goggo ta karɓi gashin, ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta goga a kumatunta.

"Ɗana, ka ce na mutum ne?"

"Na mutum ne, Mama."

"Ka tabbata?"

"Ko shakka babu."

"To ɗiyata, tashi mu tafi." Ta fara neman takalminta da ƙafa. "Na mutum kam babu malamin da ya halatta. Tun muna yara muke jin tsinuwa ce a kan mai ƙarawa da wadda aka ƙara wa. Ba da ni za a sayi zunubi da kuɗin rago ba."

Mai shago ya miƙe da sauri.

"A'a, Mama, dakata. Ba ki fahimce ni ba. Da na ce na mutum, ina nufin mutum ne ya yi shi. A kamfani."

Mai shagon da ke maƙwabtaka da shi, wanda tun ɗazu yake kasa kunne, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Goggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta koma ta zauna.

"Madalla. To in roba ce, me ya kai ta kuɗin rago?"

Ya fara kame-kame, wai roba ma suna suka tara. Goggo ta kwance bakin zane ta fito da ashana. Ta roƙe shi sili ɗaya tak. Ta ce gashin gaske in ya ji wuta toka yake zama, kuma warin babbakar kan akuya yake yi. Roba kuwa ƙudundunewa take yi, ta yi baƙin ƙulli, ta yi warin leda. Ta ƙyasta, ta kanga. Silin ya nannaɗe kamar tsutsa ta ji rana, ya ɗiga a ƙasa, wari ya tashi irin na bolar da aka cinna wa wuta.

"Ga haƙoransa nan," Goggo ta ce mini, don na ba ta labarin abin da maigida ya faɗa.

Kafin ka ce kwabo mata sun taru a bakin shagon. Wata ta ce a gwada wancan mai jan baki, wata ta ce a gwada mai lanƙwasa. Na zaci mai shago zai kore mu, sai na ga shi ma abin ya fara ba shi sha'awa. Ya ce shi ma yadda aka faɗa masa a wajen sari haka yake faɗa. Ya dinga sauko da ledoji yana zaro sili ɗai-ɗai, Goggo tana ƙyastawa tana yanke hukunci. Roba. Roba. Wannan ma roba ce, sai dai ta sha mai. Can ya jawo wata tsohuwar leda daga ƙasan kanta, duk ƙura, wadda ya ce ta daɗe babu mai tayawa, har ya karya mata kuɗi. Goggo ta kanga wa silin wuta. Ya yi ƙus ya zama toka, ƙaurin babbaka ya cika shagon.

"Wannan kam daga kan wata baiwar Allah aka yanko shi," in ji Goggo.

Mai shago ya dafe kai.

"Ashe shekara guda ina zaune da na gaske a ƙasan kanta ina yi masa kuɗin banza!"

Nan take ya goge ledar da hannun riga ya rataye ta can sama. Ya aika aka kawo wa Goggo fura mai sanyi, ya ce duk ran da ta shigo kasuwa ta biyo, ashana a wuyansa.

Ni dai na sayi na robar nan mai hoton mace, ɗauri uku. Kuɗin ya sauko daga rago ya dawo kaji biyu. Ina ta murna na ci riba. Goggo ta ɗora ɗaurin ukun a tafin hannunta tana ɗagawa tana saukewa.

"Kin ji nauyinsa? Riƙe ki ji."

Na riƙe, na ce ai ba wani nauyi.

"A hannu ba nauyi. Amma ba hannu ne zai ɗauka ba, 'yan silin nan naki ne da suka rage."

Na ji, amma ban saurara ba. Da muka dawo gida na ce yaushe zan zo ta yi mini. Ta ce ta raka ni saye, ba za ta raka ni sawa ba. Ita tunda take ba ta taɓa ɗora wa kan kowa abin da bai tsiro da shi ba, kuma ba a kaina za ta fara ba.

Saura kwana huɗu biki na tafi wani shagon gyaran gashi da ƙawata ta kwatanta mini. 'Yan mata biyu ne suka hau kaina, ɗaya dama ɗaya hagu, tun da safe har bayan la'asar. Salla kaɗai ta tashe ni. Goggo in tana kitso hannunta kamar tana lallashin jariri, har gyangyaɗi nake yi. Waɗannan kuwa kamar masu ɗaure kaya a bayan babur. Duk ɗan silin da ya leƙo a goshina sai sun kamo shi sun haɗa da robar sun ja.

"Wayyo, ku sassauta mana!"

"Anti, in bai ɗauru ba ba zai daɗe ba. Kwana biyu ne zai saki."

Da suka gama suka tsoma bakin kitson a ruwan zafi don kada ya warware, suka goge da tawul, suka juya ni gaban madubi. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Kitso ƙanana reras, sun sauko har ƙugu. Na ga kamar an rage mini shekara goma, ko da yake daga baya na gane rabin wannan yarintar jan da aka yi wa fatar goshina ne, duk wata tamoji ta miƙe.

Da na shiga gida na cire mayafi, 'yan biyu suka tsaya daga nesa suna kallona. Ɗaya ta fashe da kuka, ɗayar ta matso ta kama jela guda ta ja, sai da na ga taurari da rana tsaka. Maigida ya zagaya ni sau ɗaya, hannunsa a baya, yadda na san yana zagaya bijimi a kara.

"Masha Allah," ya ce. "Ya yi. Amma me ya ba ki mamaki haka?"

"Mamakin me?"

"Girarki. Tun da kika shigo take sama."

Na koma madubi. Gaskiyarsa ne. Girata ta ɗage, idanuna sun buɗe tar, kamar wadda aka yi wa albishir ba ta gama gaskatawa ba. Na yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara.

Washegari a makaranta 'yan aji huɗu suka yi tsit yadda ban taɓa gani ba. Kowane yaro yana zaton shi nake zare wa ido. Hedimasta ya tare ni a baranda ya ce ko lafiya, na ce lafiya lau. Hijabina ya yi tudu ta baya kamar na ɓoye ƙwarya. Ƙawata kaɗai ce ta san dawan garin, tana ta ɗaga mini babban yatsa daga ƙofar ajinta.

Abubuwan da babu wanda ya faɗa mini a shago su ne suka biyo baya. Lokacin bazara ne, zafin Daura kuwa ba sai an ba da labari ba, ga shi na ɗora wa kaina bargo. Gumi ya taru a ƙasa, ƙaiƙayi ya taso, yatsa kuma ba ya shiga. Sai in zura murfin biro in sosa, in ya ƙi in dinga bubbuga kan da tafin hannu kamar mai kiɗan ƙwarya. In na zo shafar kai a alwala sai in ji kamar tabarmar roba nake shafawa, zuciyata ta ƙi kwanciya, in sake. Sujada kuwa sai na yi dabara, don da goshina ya taɓa ƙasa sai in ji kamar ana zare mini jijiya. Kwanciya ma sai rub da ciki. Maganin ciwon kai ya zama abokin shayina. 'Yan matan nan sun ce kwana biyu zai saki. Bai saki ba.

Ranar wuni ta zo. Na ci ankona, na ɗaura kallabi da ƙyar, don sai da na ƙara wani ƙyalle kafin ya zagaye kan. Bayan azahar muka cika ɗakin amarya, aka turo ƙofa. Na jira har aka fara zubar da mayafai, sannan na ɗan karkata kai, kallabin ya zame kamar ba da gangan ba. Kitso suka zubo.

"Kai! Anti, ashe haka kike?"

"Tubarkalla! Ku zo ku ga matar Yaya!"

Amarya da kanta ta ɗaga lulluɓi ta leƙo. Aka yi ta ɗaukar hoto. Wata baƙuwa daga Kano ta kama jela ɗaya ta murza, ta ce a hankali, roba ce amma an iya kitsawa. Ban ji haushi ba, don a lokacin ji nake kamar a kan gajimare nake tafiya. In na auna, wannan daɗin bai wuce tsawon shan kofin zoɓo ɗaya ba. Ina cikinsa aka leƙo aka ce matar babban wa ta fito, masu waina sun yi kaɗan, baƙi kuma sai ƙaruwa suke yi.

A bayan gida aka kafa murhu uku, kowanne da tanda. Na tura kitson cikin kallabi yadda ya samu, na ja kujera 'yar tsugune na zauna. Ina zuba ƙullu ina juyawa, hira ta yi daɗi, har na manta da abin da ke kaina. Wuta ta ja baya, na sunkuya na tura itace, na ɗan hura. Ban san jelar kitson ta zame ta kafaɗata ta sauka ba.

Wata tsohuwa daga dangin ango ce ta fara ɗaga hanci.

"Wa ya ajiye bokiti kusa da wuta?"

Aka duba, aka janye bokitai biyu da ke nesa da wutar ma. Warin bai tafi ba. Wata ta ce takalmin wani ne ya faɗa murhu, kowa ta duba ƙafarta. Wata ta ce wayar lantarki ce, a je a kashe injin wuta. Ni ma na miƙe ina taya su nema, ina shinshine-shinshine, ina cewa lallai kusa yake, don duk inda na nufa sai in ji ya ƙaru. Na leƙa bayan randa, na ɗaga buhun gawayi.

Goggo tana zaune a tabarma can gefe tana yanka albasa. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta ja iska sau ɗaya.

"Ku daina wahalar da kanku," ta ce. "Na san warin nan, a Mai'adua muka saba. Ɗiyata, ke ce kike ci."

Kafin in juya wata ta ɗauki kwanon ruwan da aka wanke shinkafa ta sheƙa mini a baya. Aka yi cuu, hayaƙi ya tashi. Allah ya taimake ni ba ta kama da harshe ba, narkewa kawai take yi, ko fatata ba ta taɓa ba. Amma jela wajen goma sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya baƙi, mai tauri kamar ƙafar kaza. Aka duba ko na ƙone. Da aka tabbatar lafiyata ƙalau, sai tsohuwar nan ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Mata har da zama a ƙasa. Ni ma na yi dariyar, ga ruwan shinkafa yana bin bayana, ga dariyar tana ja mini fatar kai, ina yi ina cewa wayyo. Goggo ta aika aka kawo almakashi ta datse dunƙulen. Haka na ƙarasa bikin, ɓangare ɗaya har ƙugu, ɗaya iya kafaɗa, kallabina kuwa ban sake bari ya zame ba. Har yau in dangin maigida suka taru, wannan bikin ba a kiran sa da sunan amarya. Cewa ake yi bikin da Anti ta kama da wuta.

Kwana biyu da watsewar biki na je wa Goggo tsifa. Ta zaunar da ni a gindin darbejiya, ta shafa man kaɗanya a kowace tsaga, ta fara warwarewa a hankali. Na baya sun fita lafiya, sai dai ƙuraje da suka feso a ƙeya. Da ta zo na gaba sai na ji hannunta ya rage sauri. Kowace jela ta cire sai ta fito da 'yan silina a jiki, har da farin tushensu. Ta gama, ta miƙo mini madubi. Goshina ya ƙara faɗi da kusan yatsa biyu, gefe da gefe kuma fes kamar an share.

A nan dariya ta ƙare mini. Hawaye suka zubo, na kasa tsayar da su. Ina jira ta ce ai na faɗa miki, ba ta ce ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta dafa kafaɗata.

"Abin da kika ba mai shago kafin alƙalami ne," ta ce. "Ciko yanzu kika biya. To an biya, an wuce wurin. Share fuskarki, tushen bai mutu duka ba."

Daga ranar duk Asabar ina gidanta. Ta jiƙa karkashi ta wanke mini kai da shi, ta shafa man shanu da ta soya da hulba, ta yi mini kalaba manya guda shida, sakwa-sakwa, ba ta ko taɓa na gaban. Man shanun nan yana da nasa warin, maigida ya ce yanzu in na wuce sai ya ji kamar yana rugar Fulani, amma ya fi masa warin leda.

Da aka koma makaranta na ba ƙawata labari tun daga tanda har madubi. Na zaci dariya za ta yi. Ta tashi ta rufe ƙofar ofis, ta cire hijabi, ta ɗaga kitson gabanta da hannu. Nata goshin ya fi nawa tafiya. Ta ce shekara uku ke nan, duk ta cire sai ta ga ya ƙara ja baya, sai ta sake sa wani don ta rufe ɓarnar na baya.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ke ma ai ba ki tambaye ni ba. Tsawon kika gani."

Asabar ta gaba tare muka je. Goggo ta tsaga kanta da kibiya ta duba, ta ce wannan ta wuce jigawa, fako ce, amma za a gwada. Ita ƙawata ba ta daina sawa gaba ɗaya ba. In biki ya taso takan sa kaɗan, marar nauyi, ta hana a taɓa mata gaba, kuma ba ta bari ya wuce mako. Ni kam ban sake ba. Zuwa tsakiyar damina wani laushin gashi ya fara tsirowa a goshina kamar na jariri. Bai dawo yadda yake ina budurwa ba, har yau gefen hagu bai cike ba, amma ya kai a kama.

Gashin da aka cire kuwa ya zame wa Goggo kaya. Ta ƙi ƙona shi saboda wari, ta ƙi zubarwa a bola kada awakin unguwa su ci ya ƙulle musu ciki. Da kaka ta gabato maigida ya ce a ba shi. Yana da gona a hanyar Sandamu, gero ya fara nuna, tsuntsaye sun dame shi. Ya kafa sanduna ya rataya musu tsofaffin riguna, ya ɗaura wa kowanne jelar kitso a ka, wai in iska ta kaɗa za su zaci mutum ne.

Bayan kwana goma ya dawo daga gona da yamma, Goggo tana gidanmu ta zo duba 'yan biyu. Ya zauna, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu ya ajiye a tabarma. Sheƙar tsuntsu ce, an saƙa ta da ciyawa da baƙin sili mai sheƙi, tsaf da ita.

"Kwana biyu suka ji tsoro," ya ce. "A na uku suka fara zara. Yanzu duk bishiyar da ke bakin gonar nan gashinki ne a kanta."

Goggo ta ɗauka ta jujjuya, ta yaba saƙar, ta ce wannan tsuntsuwa da mutum ce da ta ɗauke ta aiki. Sannan ta tuna mana abin da tsofaffi ke faɗa, wai in tsuntsu ya yi sheƙa da gashin mutum, mai gashin ba zai rabu da ciwon kai ba.

"Ni na riga na yi nawa," na ce.

"Ai ba nata ba ne, Goggo," in ji maigida. "Na kamfani ne. Su can za su ji a jikinsu."

'Yan biyu suka karɓe sheƙar suka zuba mata tsakuwa uku a matsayin ƙwai. Geron kuwa, a wannan shekarar tsuntsaye sun ci rabonsu son ransu.